Farin Gari a Kan Batirin Mota: A Wanke, A Shafe, A Gyara Ko A Canza?

Duk wanda ya buɗe bonet ya tarar da wani gari fari ko shuɗi-shuɗi ya taru a kan batirin motarsa, yakan ji shawarwari iri-iri kafin ya bar bakin gareji. Wani zai ce a zuba lemon kwalba, wani ya ce ruwan zafi ya wadatar, wani ya ce a lafta giris, mai sayar da batir kuwa ya ce ai batirin ne ya gama yayi. Kowace shawara a cikin waɗannan tana da inda take aiki, tana kuma da inda take zama asarar kuɗi ko ma ta jawo ɓarna, saboda haka wanda ke tsaka-tsaki yana bukatar ya san abin da ke haifar da garin tukuna, sannan ya auna hanyoyin da ma'auni ɗaya.

Batirin mota mai bolt 12 yana da ɗakuna 6, kowane ɗaki yana ba da kimanin bolt 2.1, abin da ya sa cikakken batir mai lafiya yake nuna 12.6 a mita idan inji na kashe. A cikin ɗakunan akwai faranta na dalma da aka tsoma a ruwan da kusan kashi ɗaya cikin uku nasa asid ne mai ƙarfi. Idan ana caji, musamman cajin da ya wuce kima, ruwan yana rabuwa ya zama iskar haidirojin da oksijin, kuma kumfar da ke tasowa tana fitowa da ƙananan ɗigon asid ta ramukan numfashin batir. Wata hanyar da asid ke fita ita ce gindin sandar dalmar nan da ake kira kan batir, inda aka like ta da robar jikin batir. Idan likin ya saki, asid yana tsattsafowa ya hau sandar a hankali. Asid ɗin idan ya haɗu da dalma sai ya ba da farin gari, idan ya haɗu da jan ƙarfen waya ko na tamina, wato maɗaurin da ke riƙe waya a kan batir, sai ya ba da shuɗi ko kore, idan kuma ya sauka a kan farantin ƙarfen da batir ke zaune a kai sai ya zama jar tsatsa. Illar garin ba ta tsaya ga muni ba. Sitata tana jan wutar da ta haura amfiya 100 a lokacin tayar da inji, kuma datti kaɗan tsakanin kan batir da tamina ya isa ya tare wannan wuta, shi ya sa fitila za ta kama, rediyo ya yi magana, amma a murɗa makulli mota ta ƙi tashi.

Ma'aunan da za a duba

Ma'auni na farko kuɗi ne, na biyu ɗorewa, wato tsawon lokacin da za a ɗauka kafin garin ya dawo. Na uku sauƙi: shin mai mota zai iya yi da kansa a ƙofar gida, ko sai an nemi mai wayarin mota da kayan aikinsa? Na huɗu haɗari, ga mutum da kuma ga motar. Na biyar, wanda a ganina ya fi sauran nauyi, shi ne ko hanyar tana taɓa tushen matsalar, domin garin alama ce ta cewa asid yana fita daga inda ya kamata ya zauna, kuma hanyar da ta share gari ta bar asid yana fita an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Akwai ƙa'idojin da suka shafi dukkan hanyoyin. A kashe inji a zare makulli, a sa tabarau da safar hannu ta roba, a cire zobe da agogon ƙarfe, kuma kada a kusanto da sigari ko ashana, domin haidirojin yana kamawa da wuta da zarar ya kai kashi 4 cikin 100 na iska. A fara kwance wayar da ke kan baƙi mai alamar (−), sannan ta kan ja mai alamar (+), wajen mayarwa kuma a fara da ja a ƙare da baƙi. Dalili shi ne jikin mota gaba ɗaya a haɗe yake da kan baƙi, don haka idan sifana tana kan ja ta taɓa jikin mota alhali baƙi na ɗaure, tartsatsi zai tashi a daidai wurin da iskar take taruwa.

Hanya ta farko: wankewa

Wankewa ita ce mafi arha, kuma babu wata hanya a cikin sauran da za ta yi amfani idan ba a fara da ita ba. Bambancin yana ga abin da aka wanke da shi.

Bekin soda shi ne ya fi dacewa. Babban cokali ɗaya a kofin ruwa mai ɗumi ya isa. A shafa da tsohon buroshin haƙori, a bar shi ya yi kumfa, a ƙara har sai kumfar ta daina tashi, domin tsayawarta ita ce shaidar cewa asid ya mutu. Daga nan a ɗauraye da ruwa mai tsafta, a busar, a goge kan batir da cikin tamina da buroshin waya ko sanfefa har dalmar ta yi haske. Dole a tabbatar da cewa bekin soda aka saya, domin bekin fauda da ake sa wa a kek yana ɗauke da nasa ɗan tsamin a ciki, bai kai shi aiki ba. Babban haɗarin wannan hanya guda ne: idan ruwan sodar ya shiga cikin ɗakunan batir ta murfi ko ramin numfashi, zai kashe asid ɗin da batirin ke aiki da shi, ya raunana wannan ɗaki. Saboda haka a ɗaure murafan sosai, kuma a shafa ruwan shafawa maimakon a kwarara shi.

Kanwa tana iya maye gurbin bekin soda a inda ba a same shi ba, domin sinadarin da ke cikinta dangin nasa ne, kuma tana kashe asid. Sai dai kanwar kasuwa tana zuwa da yashi da gishiri, kuma gishirin da ya bushe a kan ƙarfe shi kansa yana jawo tsatsa. Bayan haka ta fi bekin soda kaifi, tana iya ɓata alminiyon, alhali bututun na'urar sanyaya mota da ke ratsawa kusa da batir a motoci da yawa na alminiyon ne. Wanda zai yi amfani da ita ya jiƙa kaɗan, ya tace, ya ɗauraye wurin fiye da yadda zai yi da soda.

Ruwan zafi zalla yana narkar da garin da sauri, kuma shi ne abin da akasarin masu gyara ke yi a bakin titi. Aibinsa shi ne ba ya kashe asid, sai dai ya tsarma shi ya gangara da shi ƙasa, zuwa farantin batir da wayoyin da ke ƙarƙashinsa, inda ido ba ya gani. Lemon kwalba irin Coca-Cola kuwa shi kansa mai tsami ne, yana ɗauke da wani asid mai rauni. Yana ɗaga garin, amma ba ya kashe komai, kuma yana barin sukari mai danƙo da ke kama ƙura ya kira tururuwa. Ban ga dalilin da zai sa a zaɓe shi ba sai a kan hanya inda babu wani abu, kuma ko a nan a bi shi da ruwa.

Game da ɗorewa, wanki shi kaɗai yana iya kai watanni idan batirin lafiyarsa ƙalau, yana kuma iya ƙarewa cikin mako biyu idan asid na tsattsafowa. Wannan ya sa wankin ya zama gwaji mai kyau: saurin dawowar garin shi zai nuna hanyar da za a bi gaba.

Hanya ta biyu: shafe kan batir

Manufar shafawa ita ce a hana tururin asid da danshi taɓa ƙarfe. Tsarin da ya dace shi ne a wanke, a goge, a ɗaure tamina tam, sannan a shafa a waje, shafi mara kauri. Man basilin yana da arha kuma ana samunsa a kowane shago, amma yana narkewa da zafi kaɗan, kuma a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai ke haura digiri 40 a inuwa, cikin bonet ya fi haka nesa ba kusa ba, sai man ya zube ya bar wurin a buɗe. Giris na mota ya fi shi jure zafi, sai dai a lokacin hunturu yana tara ƙura har ya zama laka. Giris na silikon da ake yi don kayan lantarki, da kuma feshin nan mai launin ja da ke bushewa ya zama siririn rufi, su ne suka fi daɗewa kuma ba sa tara datti sosai, amma sun fi tsada kuma ba a kowane gari ake samunsu ba. Akwai kuma zoben ulu mai magani, ja da kore, da ake sakawa a gindin kan batir kafin a ɗora tamina; yana taimakawa wajen tsotse ɗan asid da ke tasowa, kuma idan ya bushe sai a canza. Baƙin man inji da wasu ke ɗigawa ba shi da wani amfani da ya wuce na ɗan lokaci, yana kuma lalata robar waya.

Haɗarin wannan hanya shi ne a shafa a kan datti. Giris da aka lafta a kan garin da ba a wanke ba yana rufe asid ne a ciki, ya ci gaba da cin ƙarfe a ɓoye.

Hanya ta uku: canza tamina ko waya

Idan asid ya cinye tamina har ta sirance, ko an ɗaure notinta iyakar ɗauri amma tana juyawa da hannu, wanki ba zai dawo da ƙarfen da ya tafi ba. A nan ne ake yin kuskuren da na fi ganin yana kashe batura masu sauran rai: a ɗauki sifana ko dutse a doddoke tamina don ta zauna, ko a cusa ƙusa ko guntun gwangwani tsakaninta da kan batir. Dukan yana fasa likin da ke gindin sandar, daga ranar kuma asid ya sami hanyar fita wadda ba ta toshewa. Ƙusar kuma tana rage faɗin wurin da wuta ke bi, ta sa wurin ya yi zafi. Sabuwar tamina ba ta da tsada idan aka kwatanta da batir. A lura cewa kan ja ya ɗan fi kan baƙi kauri, kuma wasu ƙananan motocin Japan suna da sirarar kai, don haka a sayi wadda ta yi daidai. Tamina ta tagulla ko ta dalma mai nauyi ta fi ta siririn ƙarfe mai fenti ɗorewa.

Wani lokaci ɓarnar ta wuce tamina. Asid yana bin zaren jan ƙarfe ya shige ƙarƙashin robar waya, kuma alamar hakan ita ce robar ta kumbura ko wayar ta yi tauri kusa da baki. Idan aka feɗe robar aka ga kore, sai a yanke har inda jan ƙarfen yake da haske, in tsawon bai isa ba a canza wayar duka da wadda kaurinta bai gaza na asali ba. Mai wayarin da ya san aikinsa zai ɗora mita tsakanin kan batir da tamina a lokacin da ake tayar da inji. Idan abin da ya ɓata a wannan ɗan tsakani ya haura kimanin bolt 0.2, haɗin ba shi da kyau. A motocin zamani akwai waɗanda ke da wata ƙaramar na'urar auna wuta a jikin taminar baƙi, kuma irin wannan ba a yanke ta a jefar, ba a kuma kwarara mata ruwa.

Hanya ta huɗu: gyara caji da zaman batir

Wannan ita ce hanyar da aka fi tsallakewa, ga shi kuwa gwajinta ba ya cin minti biyar. Idan inji na aiki, mita a kan batir ya kamata ta nuna tsakanin 13.8 da 14.5 a yawancin motoci. Idan tana haura 15 ta zauna a can, na'urar da ke daidaita cajin alternato, wato janaretan da ke caja batir idan inji na aiki, ta lalace, batirin yana tafasa ne, kuma alamominsa su ne ruwa na saurin ƙarewa, jikin batir na zafi, wani lokaci har da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Duk batirin da aka saka a irin wannan mota, sabo ko tsoho, zai fitar da gari. Gyaran yana bukatar mai wayari, kuɗinsa matsakaici ne, amma ɗorewarsa ta shekaru ce.

Sauran gyare-gyaren wannan rukuni ba su da tsada ko kaɗan. Motoci da yawa suna yawo babu ƙarfen da ke danne batir, wasu an ɗaure da igiyar roba, kuma a hanya mai ramuka batirin yana tsalle, ruwa ya fantsamo, waya ta riƙa fizgar kan batir har likin ya saki. Haka kuma cika ruwa har baki kuskure ne, domin ruwan yana ƙaruwa idan ya ɗauki zafi. A tsaya a layin sama da aka zana. Abin da ke ƙafewa daga batir ruwa ne, asid yana nan, don haka tataccen ruwa mara asid ake ƙarawa, ba ruwan rijiya ko na leda ba, ba kuma sabon asid ba.

Farantin da batir ke zaune a kai shi ma yana cikin wannan aiki. A ɗaga batirin, a wanke farantin da ruwan soda, a kankare tsatsa, a shafa jan fenti mai hana tsatsa sannan a bi da fenti na sama. Wanda ya bari sai farantin ya huje, aikin ya koma hannun mai walda.

Hanya ta biyar: sabon batir

Ita ce mafi tsada da nisa, kuma ita kaɗai ce mafita idan jikin batir ya tsage ko ya kumbura, ko sandar tana motsi, ko an wanke an busar amma bayan kwanaki kaɗan aka ga danshi ya zagaye gindinta. Ba a like irin wannan da gam. A cikin sababbin, batir mai murafai ya fi arha kuma ana iya ƙara masa ruwa, abin da ke da amfani a ƙasa mai zafi, amma shi ne ya fi fitar da tururi. Rufaffen batir da ba a ƙara wa ruwa yana fitar da iska kaɗan, don haka garinsa kaɗan ne, sai dai shi ma ruwa ne a cikinsa, kuma idan caji ya wuce kima ya ƙafe babu yadda za a mayar. Nau'in AGM, wanda asid ɗinsa ke jiƙe a cikin zaren gilashi, ba ya zuba kuma yana jure girgiza, amma kuɗinsa ya fi na sauran sosai, kuma ba ya son zafi mai tsanani ko cajin da ya zarce. Ya fi dacewa da motar da kamfaninta ya tsara ta da shi, kamar masu kashe inji da kansu a danja. Wasu motocin Jamus na zamani ma sai an sanar da kwamfutar mota cewa an sa sabon batir kafin ta yi masa cajin da ya dace.

Tsohon batir a mayar wa dila, wanda yawanci yakan rage kuɗinsa daga na sabo. Kada a zubar da ruwansa a ƙasa, kada a fasa shi a gida, kada kuma a bar yara su taɓa garin, domin dalma guba ce da ke taɓa ƙwaƙwalwar yaro. A wata unguwa da ke gefen birnin Dakar na Senegal, yara 18 ne suka mutu tsakanin 2007 da 2008 sanadiyyar ƙurar dalma daga fasa tsofaffin batura.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari | Tana taɓa tushe? |
|---|---|---|---|---|---|
| Wanki da soda ko kanwa | Kaɗan ƙwarai | Makonni zuwa watanni | Mai mota zai iya | Ruwan ya shiga ɗakin batir | A'a |
| Shafa mai, giris ko feshi | Kaɗan | Watanni | Mai mota zai iya | Rufe datti a ciki | A'a, kariya ce |
| Sabuwar tamina ko waya | Kaɗan zuwa matsakaici | Shekaru | Gara mai wayari | Siririyar waya, haɗi mara kyau | Idan haɗin ne ya lalace |
| Gyara caji da maɗauri | Matsakaici | Shekaru | Sai da mita | Kayan gyara na jabu | E, sau da yawa |
| Sabon batir | Mai yawa | Gwargwadon lafiyar caji | Da sauƙi a tsofaffin motoci | A saya alhali caji ne matsalar | Idan batirin ke yoyo |

Wace ta dace da wa

Mai motar gida da ya ga gari kaɗan a karon farko, kuma motarsa tana tashi lafiya, ya wanke da soda, ya shafa giris mara kauri, ya riƙa leƙawa duk lokacin da zai duba man inji. Babu dalilin da zai sa ya kashe fiye da haka. Wanda ya wanke garin ya dawo cikin wata guda, kada ya sake wanki kafin a ɗora masa mita: idan caji ya haura, alternato za a gyara, idan caji daidai yake amma gindin sandar na jiƙewa, batirin ne zai tafi. Direban haya da ke bin dogayen hanyoyi masu ramuka ya fara da ƙarfen danne batir da tamina mai nauyi, kuma rufaffen batir zai fi masa sauƙi, tun da ba kullum zai sami tataccen ruwa a tasha ba. Mai motar da ke daɗewa a ajiye ya kwance wayar baƙi idan zai yi tafiya mai tsawo, ya bar saman batir a bushe, domin ƙura mai danshi da ta kwanta tsakanin kan ja da kan baƙi tana zuƙe caji a hankali. Mai sabuwar mota mai kwamfuta da yawa kuwa ya duba littafin motarsa kafin ya kwance komai, domin cire batir yana iya goge saitin rediyo da na tagogi, kuma idan za a canza, a sa irin nau'in da motar ta zo da shi, da girmansa da ƙarfinsa kamar yadda aka rubuta a jikin tsohon.